Da gaske birkin gaba ne ke wurgar da mai babur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar Boxer, da ita nake zuwa wurin aiki. Yayana da ya koya mini tuƙi ya ce kada in kuskura in taɓa birkin hannu, wai shi ke wurgar da mutum, in riƙa taka na ƙafa kawai. To rannan wata adaidaita sahu ta ci birki a gabana, na taka na ƙafa har ƙasa, tayar baya ta zame, da ƙyar na sha. Mene ne gaskiyar magana, kuma me ya kamata sabon shiga ya kiyaye? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya ƙara tsarewa. Ɗan'uwa, yayanka tsoron faɗuwa yake ji maka, amma shawarar tasa ce ta kusa kai ka ƙasa.

Duk sanda ka ci birki, nauyinka da na babur gaba yake tafiya. Tayar gaba ta ƙara danne kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa a busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba, wato na hannu, yake fitowa. Tayar da babu nauyi a kanta ba ta riƙe ƙasa, da ka danne ta sai ta daina juyawa ta kama sulɓi, babur kuwa yana ta tafiya. Abin da ya same ka ke nan.

Abin da ke wurgar da mutum shi ne fisga. Mutum ya firgita, ya damƙe birkin hannu lokaci guda tun nauyi bai sauka kan tayar gaba ba, sai ta kulle. In an yi rashin sa'a kan babur a karkace yake, ko ƙiftawa ba a yi. Yadda ake yi: ka saki totur, ka ɗan taɓa birkin hannu har ka ji gaban babur ya nutsa kaɗan, sannan ka ci gaba da matsawa a hankali kana ƙara ƙarfi, kamar mai matse lemon tsami. A lokacin ƙafarka na kan na baya, dannawa kaɗan ba takawa ba. Ka matse tanki da gwiwoyi, kan babur a miƙe, ka kama kuloci kafin ka tsaya cak don kada inji ya mutu.

Wannan ba a koyon sa ranar da akuya ta gifta. Ka samu titin da babu kowa da sassafe, ka ajiye dutse a gefe, ka taho a gudun kilomita 20, da ka zo daidai dutsen ka tsaya. Gwada da na ƙafa kaɗai, ka auna da taku inda ka tsaya, sannan ka haɗa biyun ka ga bambanci da idonka. In hannu ya faɗa sai ka ƙara zuwa 30 da 40.

Akwai dai inda maganar yayanka take da ƙamshin gaskiya. A kan yashi, tsakuwa, taɓo, ko rairayin nan da ke taruwa a bakin titi, birkin gaba ba ya son wasa. Nan na baya ke jan ragama, na gaba taɓawa kawai. Haka ruwan farko na damina, wanda ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Kwana kuma, ka gama rage gudu kafin ka shiga cikinta, kuma ka kalli inda kake son fita. Babur idonka yake bi: in ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Batun adaidaita sahun nan, ni a ganina tazara ce ta fara cin amanarka kafin birki. A gudun kilomita 50 kana shafe kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani hannu ya motsa daƙiƙar ta tafi. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Bar tazarar daƙiƙa 3 tsakaninka da na gaba. Mai adaidaita idonsa na kan fasinja, ko ina aka ɗaga hannu zai yanko dama, don haka kada ka wuce shi ta hannun dama. Tirela kuwa, muddin ba ka hango madubin direba, shi ma bai san da kai ba. Kada ka raɓe ta a kwana ko shataletale. Madubinka da samari ke kwancewa don gayu, bar abinka.

Hular kwano ba sai an ja magana ba. Da Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta sanya ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka, aka yi ta dariya. Kwanon da ba a ɗaure igiyarsa a haɓa ba bai fi ƙwaryar ba, shi zai riga ka isa ƙasa. Silifas ma ajiye shi, sa takalmi sau ciki. Lokacin hazo kunna fitila ko da rana tsaka.

Goyo kuma ka dakata sai ka ƙware, domin nauyin mutum biyu na ƙara nisan tsayawa. Ranar da za ka fara, duba kayan jikinku kafin ka tashi. Babbar riga a tattare ta kan cinya. In mace ce, ta naɗe hijabi da bakin zani ta zauna a kai, kuma ka leƙa ka tabbatar murfin sarƙa na nan a ɗaure, domin tayar baya in ta cafki mayafi ta wuya take jan mutum.