Fad ɗin kamfani ko na kasuwa: wanne za mu ɗaura wa Mustang ɗin nan?

Ka ce, "Oga, fad ɗin burki na kamfani ya yi tsada, ga wasu a Ƙofar Ruwa an ce sun fi shi kamawa kuma sun fi araha, me zai hana mu ɗaura su?" To, ajiye sifanar nan ka matso, yaro.

Ka fara cire wa ranka cewa Ford, mai ƙera Mustang, ce ke zama ta haɗa fad da hannunta. Kamfanonin mota kwangila suke bai wa masu sana'ar, irin su Brembo ta Italiya, Akebono ta Japan, Textar da Pagid na Jamus, da Ferodo wadda ta faro a Ingila tun 1897. Wannan motar da ke gabanka GT ce mai Performance Pack, kuma daga ƙirar 2015 zuwa ta 2023 kalifarta ta gaba, wato abin da ke matse fad a jikin diski, aikin Brembo ce, fistin shida, a kan diski mai faɗin milimita 380. Abin da kuɗin na kamfani ke saya maka shi ne gwaji. An gwada shi da nauyin wannan motar, da ABS ɗinta mai hana taya kullewa in an taka burki, da yadda aka raba ƙarfin tsayawa tsakanin gaba da baya, a sanyi da kuma bayan ya ɗauki zafi.

Na kasuwa kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai wanda waɗancan kamfanonin suka zuba a kwalinsu na kansu, wannan ba ni da ja a kansa. Akwai na tsere. Akwai kuma jabu, wanda sau da yawa kwalinsa ya fi na gaskiyar sheƙi.

Na tseren nan shi ke ruɗar samari, don haka ka saurara da kyau. Aikin burki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Motar da ke kilomita 200 a awa, zafin da za ta zuba wa burki kafin ta tsaya ninki huɗu ne na mai kilomita 100, ba ninki biyu ba. Idan fad ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, gam ɗin da ya riƙe haɗinsa sai ya fara ƙonewa, ka taka feda ka ji ta da tauri amma mota na ta tafiya. Fad ɗin tsere an yi shi ne ya jure wannan wutar. Sai dai na tsere zalla ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi. Mai motar nan fa da safe zai fito, burki a sanyi, ɗan adaidaita sahu ya shigo masa gaba ba sigina. A nan taka ta farko ce ke aiki. Ga ƙara kamar ana wasa wuƙa, ga baƙar ƙura a kan rim, ga cin diski, kuma diskin wannan motar ba abin da za ka so ka je wa mai shi da kuɗinsa ba ne.

Ka kuma bambance: in feda ce ta yi laushi ta nutse bayan burki ya ɗauki zafi, man burki ne ya tafasa, canza fad ba zai magance shi ba. Man burki na DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha danshi yakan sauko wajen 155.

Yanzu ɗauko tsohon fad ɗin ka goge gefensa ko bayansa. Sau da yawa za ka ga haruffa biyu a ƙarshen lambar, kamar FF ko GG. Na farko ƙarfin kamunsa ne a matsakaicin zafi, na biyu bayan ya yi zafi sosai, kuma G ya fi F, F ya fi E. Kada ka ɗaura wanda ya gaza abin da ka cire. In ka ga 90R a jiki, ƙa'idar Turai ce da ta ce kamun fad kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Amma mai jabu ma ya iya buga tambari, shi ya sa nake sayen kayan burki a hannun dilan da zan iya komawa in same shi a shagonsa. Duba ƙarfen bayan, duba inda aka manna, in ka ga giɓi ko yana marmashewa a farce, mayar masa da kayansa.

Wanda aka rubuta wa seramik yana da shiru da ƙarancin ƙura, ya dace da yawon gari. Kada dai ka haɗa shi da diskin kabon-seramik na Porsche mai rawayar kalifa. In irinta ta shigo garejin nan, nata fad ɗin kaɗai ake sa mata, kuma ka kira ni kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Na tambayi Alhaji mai motar, ya ce tsakanin gida da ofis ne, sai wani lokaci hanyar Zariya zuwa Kaduna. Don haka na kamfani za mu sa, in bai samu ba mu nemi na titi daga ɗaya daga cikin manyan nan. Da a ce yana shiga filin tsere ne, da sai mu yi maganar irin su Ferodo DS2500, tare da sabon man burki.

Auna diskin tukuna, mafi ƙarancin kaurinsa na rubuce a jikinsa. Hagu da dama tare ake canzawa. In ka gama ɗaurawa, ka yi ta taka feda har ta yi tauri kafin motar ta motsa daga inda take. Sannan mu fita titin da ba kowa, mu sauko daga gudun kilomita 90 zuwa 15 a awa kamar sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, sai mu bar shi ya huce a kan tafiya. Miƙo min jak ɗin can.