Amsa ga ɗan'uwanmu na Kalgari kan shafa wa siki kaki a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai dai duba takardun jarrabawa a nan Samaru bai bar ni na zauna na amsa maka yadda ya kamata ba sai yau. Ka ce ka sayi siki na hannu, wato dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa don zamiya, a Kalgari ta ƙasar Kanada, tafinsu ya yi fari-fari ta gefe, bakin ƙarfensu ya fara tsatsa, kuma suna riƙe ka a kan dusar ƙanƙara alhali abokan tafiyarka suna wucewa. Kana tambaya ko za ka iya gyara su a ɗakinka da dutsen gugar kaya da kyandir, tun da kuɗin shago ya yi maka yawa, da kuma ko hanyar ɗaya ce da ta allon zamiya na abokin zamanka. Wallahi na san wannan damuwa, domin a garin nan da kake na yi karatuna, kuma da kuɗin tallafin ɗalibi ni ma na sayi nawa.

Za ka iya, kuma ina ganin gara ka koya da hannunka. Amma ka riƙe abu guda tun daga farko: abin da zafi ya ƙone a tafin siki da abin da magagari ya ci a bakin ƙarfe ba sa dawowa. Tafin nan da kake gani roba ce ta musamman da ake kira P-Tex, wadda take narkewa idan ta kai wajen digiri 135 a ma'aunin Salshiyas, alhali kakin da ake shafawa yana buƙatar dutsen guga mai zafin digiri 110 zuwa 150, gwargwadon taurinsa. Ka ga ke nan sau da yawa dutsen ya fi abin da robar take iya ɗauka zafi, kuma abin da ke kare ta kawai shi ne kakin da ke tsakaninsu da kuma tafiyar da dutsen yake yi ba tsayawa. Duk wanda ya taɓa kallon mai guga a Sabon Gari yana bin shadda da dutsen gawayi ya san ba a ajiye dutse a wuri ɗaya ko da na ɗan lokaci ne. Idan ka ga hayaƙi yana tashi, zafin ya yi yawa, ka rage nan take, ka kuma buɗe taga ko da sanyi, domin hayaƙin kaki ba abin shaƙa ba ne.

Abin da ya sa nake jaddada zafin nan shi ne abin da wani mai shago ya yi mini, wanda har yau idan na tuna raina yakan ɓaci. Na kai masa sikina ana shirin tafiya Nakiska, inda aka yi tseren gangara na wasannin Olamfik na 1988, wurin da na daɗe ina burin zuwa. Tun daga yadda ya karɓe su bai ko ɗago kai ya dube ni ba na gane ya riga ya yanke cewa baƙar fata daga Afirka bai san komai a kan wannan abu ba. Da na koma ɗauka ya miƙo mini su a ɗaure da roba, tafi da tafi, ya karɓi kuɗinsa. Sai da na isa ɗaki na kwance su na ga wani kumburi kusa da wutsiyar ɗaya, girman babban yatsa, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma idan ka danna sai ka ji ya ɗago daga jikin sikin. Ya bar dutse a wurin har robar ta narke, gam ɗin da ke ƙarƙashi ya saki. Bai tsaya nan ba, ya bi bakin ƙarfen da inji tun daga hanci har wutsiya ya bar shi da ƙaiƙayi, bai dakushe ƙarshen ba. A gangarar farko bakin ya kama dusar ya jefar da ni a kan kafaɗata, na yi makonni ba na iya ɗaga hannu in rubuta a allo. Da na koma masa, mutumin nan ya dubi idona ya ce haka na kawo su, wai kayan hannu dama sai a hankali. Ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai ba, rainin hankalin ne, da yadda ya juya wajen wani mai saye ina tsaye ban gama magana ba. Na bar shi da Allah. Wurin da ya ƙone bai sake shan kaki ba har na rabu da sikin, kullum nan ne yake fara yin fari.

Ba na cewa duk masu shago haka suke, kuma akwai aikin da dole sai su, zan zo kansa. Game da dutsen gugar kaya, matsalarsa biyu ce: zafinsa yana hawa da sauka da tazara mai yawa, sannan ramukan tururi suna tara kaki. Idan ba yadda za ka yi, ka nemi tsoho marar ramuka, ka sa shi a ƙaramin zafi, ka kuma cire rai da sake goge riga da shi. Ni dai shawarata ka nemi dutsen kaki na hannu, domin ƙasansa mai kauri ne, yana riƙe zafi daidai. Kyandir kuwa ka bar shi. Akwai turare da rini da wasu abubuwa a cikinsa, kuma dusar lardinku na Albata mai sanyi da kaifi za ta cinye shi kafin azahar. Dunƙulen kakin siki guda zai yi maka shafawa da yawa.

Farin da kake gani a gefe bushewa ce da gogayya, kuma ya fi yawa ga masu zuwa filin Olamfik na cikin gari, saboda dusar da inji ke fesawa ta fi ta sama kaushi. Kamfanoni irin su Swix na ƙasar Nowe suna bambanta kakinsu da launi: kore na matsanancin sanyi, shuɗi na sanyi sosai, ja na kusa da sifiri, rawaya na lokacin da dusa ta fara jiƙewa. Dalilin shi ne idan sanyi ya tsananta ƙwayoyin dusa suna da tsini, sai su nutse cikin kaki mai taushi su riƙe ka, idan kuma ta jiƙe ruwa ne yake manne wa tafin. Ka san halin Kalgari, iskar Cinuk takan sauko daga duwatsu ta ɗumama gari cikin 'yan sa'o'i, don haka mai koyo kamarka ya sayi kaki na kowane yanayi da shuɗi guda ɗaya don watan Janairu, ya isa. Idan wani ya tallata maka tsohon kaki mai sinadarin fuloro da araha, kada ka karɓa. Hukumar wasannin siki ta duniya, FIS, ta haramta shi gaba ɗaya a gasanninta daga kakar 2023 zuwa 2024 saboda illarsa ga lafiya da muhalli, har aka kori Ragnhild Mowinckel ta Nowe daga tseren Solden ta ƙasar Ostiriya a Oktoban 2023 a kansa, kuma kai a ƙaramin ɗaki za ka narka shi.

Kafin ka kunna dutse ka fara da ƙarfen, don kada garinsa ya shiga cikin sabon kaki. Ka shigo da sikin ɗaki su bushe sanyinsu ya fita, ka ja birkin da ke jikin maɗaurin takalmi sama ka ɗaure shi da roba mai kauri, ka kafa su a kan abin da ba zai motsa ba. Tsatsar da ka ambata akwai wani dutse mai taushi kamar magogin fensir da yake cire ta ba tare da ya ci ƙarfe ba. Bayan haka ka bi gefen da dutsen washi na daimon wanda ka jiƙa da ruwa, a cikin maƙalin da ke riƙe shi a kusurwar digiri 89 ko 88. Ina roƙonka kada ka taɓa wasa baki da hannu zalla ba maƙali, kuma kada ka taɓa ɓangaren ƙarfen da ke kwance da tafi, wanda yawanci an karkata shi da kusan digiri 1 tun daga masana'anta. Ka shafa wa bakin tawadar alƙalamin nan da ake kira maka kafin ka fara, inda tawadar ta goge nan ka ci, da ta goge duka sai ka tsaya. Magagari sai idan bakin ya dakushe sosai, shi ma a hankali. Gwajin kaifi shi ne ka goga bayan farcenka a kai, idan ya ɗan kankare shi to ya yi. Sannan ka dakushe ɗan wurin da ya lanƙwasa sama a hanci da wutsiya, abin da mutumin can ya ƙi yi mini. Ka sa safar hannu, bakin nan yana yanka.

Shafawar kanta ba ta da wuya. Ka goge tafin da buroshin tagulla daga hanci zuwa wutsiya, ka share da tsumma, ka manna kakin a jikin dutse ya ɗiɗɗiga a kai, sannan ka baza shi kana tafiya. Idan ka taɓa bayan sikin ka ji ɗumi kaɗan ya isa, idan ka ji zafi ka wuce gona da iri. Tun da na hannu ne kuma ba ka san abin da ya taka ba, a karon farko ka kankare kakin tun yana da ɗumi, za ka ga ya fito da baƙin datti, sai ka sake shafa wani ka bar shi ya huce aƙalla rabin sa'a, ko ya kwana. Inda mutane suka fi kuskure shi ne tausayin kakin da suka saya, su bar shi da kauri. Wanda ya shiga cikin roba shi ne mai amfani, na sama riƙe ka zai yi, don haka ka kankare shi duka da makankarin roba, ban da na ƙarfe, ka bi da buroshin nailan har sai ƙananan layukan tafin sun fito, domin su ne suke ba ruwa hanyar wucewa. Ka shimfiɗa jarida a ƙasa, in ba haka ba kai da mai gidan haya za ku yi rigima a kan kafet.

Allon abokinka hanyarsa ɗaya ce, sai dai ya cire maɗaurin ƙafa ko ya sassauta sukurorin kafin ya sa dutse, domin idan suna ɗaure zafi yakan sa tafin ya lotsa a daidai wurinsu. Ku riƙa share ƙarfen da tsumma duk ranar da kuka dawo, musamman idan a saman mota kuka ɗauko su, saboda gishirin da ake zubawa a titi shi ne babban mai kawo tsatsa. Idan lokacin zamiya ya ƙare a shafa kaki da kauri har ya rufe ƙarfen, a bar shi ba kankarewa sai hunturu ya dawo.

Abu biyu ne ban yarda ka yi a ɗaki ba. Ma'aunin sakin takalmi da ke jikin maɗauri ana saita shi ne da nauyinka da tsawonka da shekarunka da girman takalminka da ƙwarewarka, kuma da yake sikin na wani ne, a kan jikin wani aka saita shi, gwiwarka ce za ta biya idan ya ƙi saki. Wannan ka kai shago a gwada, ka tsaya a kansu, ka kuma kwance sikin ka duba tafin a gabansu kafin ka biya. Na biyu shi ne rami mai zurfi. Ƙaramin karce ana cike shi da sandar P-Tex da ake kunna wa wuta a ɗiga, amma idan ramin ya kai har kana ganin abin da ke ƙarƙashin roba, ko yana manne da ƙarfe, ɗigawa ba za ta zauna ba. Ka turo mana hoton tafin a wuri mai haske, musamman ƙarƙashin ƙafa, in duba kafin ka sayi komai.