Hukuncin cin nama a gidajen abincin Yahudawa masu tambarin "glatt"

Tambaya: Malam, ina aiki a Buruklin da ke birnin Niyok, kuma mahautan Musulmi sun yi mini nisa. Gidajen abincin Yahudawa ne kusa, wasu an rubuta "kosher" (wato abin da ya halatta a shari'arsu), wasu "glatt kosher". Ya halatta in ci? Wanne zan nema?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Yankan Bayahude halal ne da nassin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, kuma Annabi (SAW) ya ci daga akuyar da wata Bayahudiya ta kawo masa a Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira.

Mai yankansu yana amfani da wuƙa marar tsaguwa ko kaɗan, ya yanke maƙogwaro da hanyar abinci ba tare da ɗaga hannu ba, kuma ba a sumar da dabba kafin yanka. Malikiyya sun sharɗanta yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, yanka mai zurfi irin nasu kuwa galibi yana haɗawa da su. Addu'ar albarka ɗaya mai yankansu yakan karanta wa dabbobi da yawa. Wannan bai ɓata yankan ba a mazhabarmu, don ba a wajabta wa Ahlul Kitabi bisimilla ba matuƙar bai ambaci wanin Allah ba. Hanafawa sun fi tsanantawa a nan.

"Glatt" na nufin an duba huhun saniya bayan yanka, an same shi sumul, bai manne da haƙarƙari ba. Malamanmu sun san wannan mas'ala tun da can: dabbar da Bayahude ya yanka ya ƙi ta saboda lalacewar huhu suna kiranta ɗarifa, suka ce cinta makaruhi ne. Haka kitsen da aka haramta musu, kamar yadda Risala ta ambata. Gidan kosher na gaskiya, glatt ne ko ba glatt ba, ba ya sayar da ko ɗaya, amma glatt ya fi tsananta binciken huhu, saboda haka shi na fi zaɓa maka. Kaza dai wannan binciken bai shafe ta ba.

Kada rubutun allo ya ishe ka. Nemi takardar shaida da ke rataye a bango, ka duba sunan hukumar, irin OU ko OK ko Star-K ko Kof-K, ka duba ranar ƙarewarta. Harafin K shi kaɗai kowa na iya bugawa. "Kosher style" kuwa salon girki ne kawai. In ka ga cuku a kan nama, ko gidan yana buɗe da ranar Asabar, ka yi shakka ƙwarai, domin shari'arsu ta hana haɗa nama da nono, ta kuma hana aiki ranar Asabar.

Babban haɗarin shi ne giya. Shari'arsu ta halatta giyar inabi, ana zuba ta a romon nama da miya, takardar shaida kuma ba za ta gargaɗe ka ba. Tambayi mai girki kai tsaye. In an sa, ka bar abincin, domin giya najasa ce a wurin jumhur (mafi yawan malamai) kuma dafuwa ba ta tsarkake miyar. Gasasshen naman da ba a jiƙa a komai ba ya fi aminci. Kada ka zauna a teburin da ake sha, kuma duk ranar da ka sami yankan Musulmi, shi ne a gaba.

Wallahu a'alam.