Kofin Lemo da Hukuncin Kotu a New York

Kawu, ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka gwamnati ce ke tsara wa mutum abin da zai sa a bakinsa. Wanda ya ba ka labarin ya ƙara gishiri. Shekaruna sun yi nisa a New York, ban taɓa ganin ma'aikaci ya leƙa tukunyar kowa ba. Mai sayarwa suke bi, da abin da ke cikin kayan da yake sayarwa.

A 2006 hukumar lafiya ta birnin ta hana gidajen abinci suya da wani daskararren mai na masana'anta da ke toshe jijiyoyin zuciya. Ba a yi wani dogon surutu ba, tunda mai ci ba ya ganinsa balle ya ce ya zaɓa. Amma a 2012 magajin gari Michael Bloomberg ya sa hukumar lafiyar ta kafa doka cewa kada gidan abinci ya sayar da lemon zaƙi a kofin da ya wuce kusan rabin lita. Nan gari ya ɗauka. Mu ma a bakin masallaci bayan Juma'a mun sha musu; wani dattijonmu mai ciwon suga yana goyon baya, direbobin tasi na cewa da kuɗinsu suka saya. Abin dariyar, kantunan 7-Eleven da ke da kofi kamar bokiti dokar ba ta shafe su ba, kuma mai son sha sai ya sayi biyu. A 2014 babbar kotun jihar ta soke ta. Kotun ba ta wanke suga ba fa, cewa ta yi hukumar lafiya ta shiga hurumin 'yan majalisa.

Abin da ya fi damunmu nama ne. Dokar yanka ta Amurka ta 1958 ta ce a sumar da dabba kafin a sa mata wuƙa, amma ta keɓe yankan addini, shi ya sa muke zuwa mayankar halal hankali kwance. 'Yan uwanmu na Beljiyam ba su yi wannan sa'ar ba, tun 2019 yankuna biyu suka hana yanka ba sumarwa.

Sai dai in Allah ya kawo ka, Kawu, kada ka saka nama a jaka. A filin jirgi za su ƙwace, saboda cutar dabbobi, kuma in ka ɓoye har tara za ka biya.