Tambayoyinku Kan Fasaha: Me Ya Haɗa Tsadar Waya da Cip?

Tambaya: Ina sayar da waya a Farm Centre da ke Kano. Dilana ya ce kuɗin waya zai ƙara hawa wai don cip ya yi tsada. Gaskiya ne, ko dai dala ce kawai?

Amsa: Alhaji, dala na da nata laifin, amma dilanka bai yi ƙarya ba. Cip shi ne ɗan baƙin abin nan da masu gyara ke kira IC, wanda suke ɗagawa daga allon waya da iska mai zafi. Wanda ya yi tsada shi ne na memori. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar duniya ta RAM, wato memorin da waya ke riƙe aikin da take yi a ciki: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Da harkar ƙirƙirarriyar basira ta kankama, sai suka karkata ga wani nau'in memori mai suna HBM, wanda ake haɗawa da cip ɗin kamfanin Nvidia na Amurka a manyan rumbunan kwamfuta, domin can ribar take. Na waya ya yi ƙaranci, farashinsa ya tashi sosai a 2025. Abin da ke damuna shi ne, wayoyin talaka irin su itel da Tecno su ne za su fi jin jiki, don ribarsu dama ba ta taka kara ta karya ba.

Tambaya: To me ya hana a gina sababbin masana'antu? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Ana ginawa, 'yar'uwa, sai dai ba aikin dare ɗaya ba ne. Masana'anta guda kan ci sama da dala biliyan 10 da shekaru ana aiki. Injin da ke zana cip mafi ƙanƙanta kuwa, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi, wato ASML na Holan. Sannan mafi yawan cip na sahun gaba kamfanin TSMC ke yin su a Taiwan, tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Lokacin da aka yi fari a 2021 har da tankoki aka riƙa kai wa masana'antun can ruwa. Fargabar dogaro da waje ɗaya ce ta sa Amurka ta ware kimanin dala biliyan 52 a 2022 don jawo sana'ar gida, ta kuma taƙaita sayar wa Sin manyan cip. Duk da haka kamfanin Huawei na Sin ya fito da Mate 60 Pro a 2023 da cip ƙirar gida.

Tambaya: In sayi waya yanzu ko in jira?

Amsa: In kana da buƙata, saya, ban ga alamar sauƙi nan kusa ba. Amma ka duba kwali da kyau. In ka ga an rubuta 8+8, RAM ɗin gaske 8 ne, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai shi sauri ba.