Namijin dabino ba na sarewa ba ne

Ka tambaye ni me ya sa muke wahalar shayar da dabinon nan na bakin rijiya alhali bai taɓa ba mu ko ƙwara ɗaya ba, har kana cewa gara a sare shi a dasa mai haihuwa a gurbinsa. To ɗana, ajiye gatarin tukuna. Wannan namiji ne, kuma duk dabinon da ka ci a lambun nan bara, da hannunsa a ciki.

Mangwaro da lemo, bishiya ɗaya ce ke ɗauke da komai, ƙudan zuma da sauran ƙwari su ƙarasa aikin. Dabino kuwa namiji daban, mace daban. Kowannensu yana fitar da kube a tsakanin zarɓa, a ciki furen yake. Idan ka tsaga na namiji za ka ga fure fari a cunkushe, mai ƙamshi, ka ɗan kaɗa shi gari ya bule maka hannu. Na macen 'yan ƙulalai ne jere a jikin silla, ba gari, ba wani ƙamshin kirki. Garin nan shi ne irin namiji, in bai sauka a kan furen mace ba, babu haihuwa.

A daji iska ce ke kai shi, amma iska ba ta san asarar mai lambu ba. In za ka dogara da ita, sai ka cika rabin fili da maza marasa ba da komai. Da hannu kuwa, namiji ɗaya mai kyau yana isar mata 40 zuwa 50. Shi ya sa muke yin barbarar da kanmu.

Ga yadda ake yi, ka buɗe kunne. Ka yanko kuben namiji da zarar ya fara tsagewa, ka raba sillayen, ka shanya su a inuwa a kan takarda, ba a rana ba. Sai ka riƙa zagaya matan kullum da safe. Wadda ka ga kubenta ya buɗe, kada ta wuce kwana biyu ko uku ba ka hau ba, don furen yana bushewa ya daina karɓa. Ka jira hantsi, raɓa ta kama gabanta. Kafin ka kai hannu ka sassabe ƙayoyin gindin zarɓa, ƙayar dabino ba ta da mutunci, ta shiga gaɓa sai ka yi jinya. Ka ɗauki silla biyu ko uku na namijin, ka kaɗa a kan nonon, wato tarin sillayen furen macen, ka cusa su tsakiya kai ƙasa, ka ɗaure da ganye sako-sako. In ruwa ya sauka jim kaɗan bayan ka gama, ya wanke aikinka, sai ka sake. Garin da ya rage kuma ba a zubarwa. In ya bushe sarai, a rufe a kwalba a wuri mai sanyi, yana kai wa wata kakar. Mu a nan yana da amfani ƙwarai, tun da dabinonmu sau biyu yake fure a shekara, ɗaya ya nuna da rani, ɗaya ya faɗa cikin damina.

Makonni kaɗan bayan haka za ka gane ko ka iya. Kowane furen mace 'ya'ya uku ne a kwance a cikinsa. In ya kama, ɗaya ya girma, biyun su kaɗe. In bai kama ba, sai ka ga ukun sun fito tare, ƙanana, ba ƙwallo, ba za su nuna su yi zaƙi ba. Irin wannan ne ya sami mutanen Madina a shekarar da suka bar barbara, har Manzon Allah (SAW) ya ce musu su suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Hadisin yana cikin Muslim, ka tambayi malaminku na dare.

Kuma ba kowane namiji nake ɗiba ba. Garin wani yana sa 'ya'ya su fi girma ko su riga nuna, na wani ya bar ka da ƙananu. Na bakin rijiyar nan na gwada shi na gani, shi ya sa yake shan ruwa kafin kowa.

Na san abin da ke ranka, don na ga ƙwallayen da kake tarawa a gwangwani. Ɗan ƙwallo kamar ɗan mutum ne: ya ɗebo uwa, ya ɗebo uba, ba ka da tabbacin wa zai biyo. Ka shuka 100, kusan rabi maza ne, kuma ba za ka sani ba sai sun yi fure, bayan ka sha shekara biyar ko fiye kana ban ruwa. Matan ma ba lalle su yi zaƙin uwar ba. Masu sayar da dashe a leda a bakin hanya suna rantsuwa duk mata ne, ni dai ban san da wane ido suka gani ba.

In kana son irin uwar sak, ɗan da ke tsirowa a gindinta za ka cire. Wannan jikinta ne, ba aure a ciki, mace ce kamar ta, zaƙi ɗaya. Ka tara masa ƙasa a gindi ya yi saiwarsa, ka bar shi ya shekara uku zuwa huɗu, sannan a raba shi da dagi mai kaifi, sara ɗaya mai tsabta. In ka taɓa zuwa Dutse, ka leƙa tashar binciken dabino ta NIFOR ka ga yadda suke yi. Yanzu dai ɗauko igiya da wuƙa, na ga kube biyu sun tsage a layin gabas.