Yaya Za Mu Karrama Mahaifinmu?

Tambaya: Malam, mahaifinmu tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, bayan ritaya kuma ya yi shekara da shekaru yana raka masu allurar rigakafi gida-gida a Argungu kyauta. Ya rasu bara. Yaya za mu karrama shi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ranar 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya, domin ranar aka kammala yaƙin a 1970, kuma ku halarci taron. Amma a ganina, rijiya a unguwarku ta fi furen da ake ajiyewa a wurin taron daraja, domin sadaka ce mai gudana. Ku adana lambobin yabonsa, ku kuma ziyarci abokan aikinsa da suka rage, musamman masu fama da jiran fansho.